A koya wa kwamfuta karanta zanen gona, amma a hana ta alƙalanci

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar cinikin gona irin wadda ake rubutawa a ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama ya san ba ta cika wuce shafi ɗaya ba. Akwai sunan mai sayarwa da na mai saye, da kuɗin da aka biya, da shaidu, da hannun hakimi ko hatiminsa, sai iyakoki huɗu: gabas gonar wane, yamma magadan wane, kudu burtali, arewa gulbi. Wani lokaci marubucin yakan ƙara ɗan zane a ƙasan shafin, murabba'i karkatacce da biro, da wata 'yar da'ira a kusurwa wadda kowa a wurin ya san kuka ce. Ma'aikatan filaye a Birnin Kebbi ba sa lissafa wannan zane cikin taswira, kuma a ma'auninsu suna da gaskiya, domin ba a zana shi bisa awo ba. Amma ga dubban gonakin albasa, shinkafa da gero a waɗannan ƙananan hukumomi uku, shi da abin da ke cikin kawunan dattawa su ne iyakar shaidar da ke akwai. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da gwamnatin jiha da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero za su ɗauki zanen hannu a matsayin matakin farko na rajistar filayen karkara, domin yanzu kwamfuta tana iya karanta shi. Sai dai da sharuɗɗa biyu: a koya mata da zanen mutanen nan, kuma kada a bar mata yanke hukunci.

Dalilin gaggawar a bayyane yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, ta bar wa gwamna filayen birni, amma shekaru sama da 40 bayan haka manomin da ke da irin wannan takarda ɗaiɗai ne. Kwamitin gyaran harkar filaye da shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi ta nanata cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar nan bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Kiran safiyo ya auna gona ɗaya, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira mai sa hannu, kuɗi ne da sau da yawa ya fi ribar da gonar ke bayarwa a shekara. Gonakin kuma ƙara tsagewa suke yi da kowane rabon gado. A fadamar Gulbin Zamfara, inda Jega take, akwai ƙarin matsala: ambaliya irin ta 2020 takan share kunya, ta tumɓuke gamba da jemar da aka shuka a iyaka, ta zuba yashi a inda alama take. Ruwa na janyewa, rigima ta taso, kotu ta fita ganin gona, shaidu su yi ta nuni da sanda a wurin da babu abin da ya rage.

Fasahar da nake magana a kai ta girmi yawancin masu amfani da ita. A 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya gabatar da manhajar Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, inda mutum ke zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai haske, na'urar kuma ta miƙar masa da layi, ta daidaita kusurwa. Daga nan aikin ya rabu gida biyu. Idan mutum yana zane kai tsaye a kan gilashin waya, na'urar tana ganin inda ya fara, da inda ya nufa, da saurin hannunsa. Wannan babban taimako ne, domin hannun ɗan'adam yakan rage gudu idan ya zo lanƙwasa, saboda haka inda gudu ya ragu kuma alkibla ta sauya farat ɗaya, manhaja takan ce ga kusurwa. Kusurwa uku da layin da ya dawo inda ya faro, alwatika ke nan. Babu kusurwa ko ɗaya kuma layin ya rufe, da'ira. Idan kuwa a takarda aka yi zanen aka ɗauki hotonsa, duk wannan bayani ya ɓace. Dole manhaja ta fara raba tawada da farin takarda, ta kawar da inuwar hannun mai ɗaukar hoto da tabon manja da layin ninki, ta sirantar da kowane zane, ta haɗa inda biro ya tsallake, kafin ta fara tambayar wace siffa ce. Hanya ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce ta shafe mu, tunda a ƙofar hakimi takarda da biro ake da su.

An daɗe kwamfuta tana bayan mutum a wannan fanni. A 2012 masu bincike a wata jami'ar fasaha ta birnin Balin a Jamus suka tara zane 20,000 na abubuwa iri 250, suka gwada: mutane sun gane kusan kashi 73 cikin 100, manhajarsu ta gane kashi 56. Shekara uku bayan haka, wata manhaja da aka gina a jami'ar Queen Mary ta Landan, mai koyo daga misalai maimakon bin ƙa'idojin da aka rubuta mata, ta ɗan zarce mutane a kan wannan tarin zanen. Sai a ƙarshen 2016 kamfanin Google ya fito da wasan Quick, Draw!, inda ake ba mutum daƙiƙa 20 ya zana abin da aka ambata, na'ura tana ƙoƙarin cankewa. Daga wasan kamfanin ya saki zane miliyan 50 na abubuwa 345 don masu bincike. Jerin abubuwan ya cancanci a duba shi da idon mutumin Kebbi. Akwai raƙumi, akwai albasa ma, abin da zai faranta ran Aliero, amma akwai mutum-mutumin ƙanƙara da sandar wasan hoki da hasumiyar Eiffel. Babu rumbu, babu rudun ajiyar albasa, babu suri, babu burtali. Kuma ko a abu mai sauƙi kamar da'ira, hannuwa sun sha bamban. Da 'yan jaridar Quartz suka nazarci bayanan wasan a 2017, sun iske kusan kashi 86 cikin 100 na Amurkawa suna zagayo da'irarsu saɓanin tafiyar hannun agogo, yayin da kusan kashi 80 na Japanawa ke bin hannun agogon, suka danganta bambancin da irin rubutun da kowa ya tashi da shi. Yankin da yaro ke fara riƙe alƙalamin kara yana rubutu a allo daga dama zuwa hagu kafin ya taɓa fensirin boko bai kamata ya ɗauka cewa manhajar da ta koyi zane daga wasu hannuwa za ta fahimci nasa ba.

Ko da an gane siffar ma, rabin aikin aka yi. Da'ira a takardar gona tana iya zama rijiya, ko kuka, ko suri, ko tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini. Layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa suna iya zama burtali, ko hanyar mota, ko magudanar ban ruwa, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne bambancin da ke tsakanin zaman lafiya da faɗan manomi da makiyayi. Abin da ke fayyace ma'ana shi ne maƙwabtan siffar, da kalmar da aka rubuta a gefenta da boko ko ajami, da al'adar mai zanen. Wannan ilimi ba ya cikin wani rumbun bayanai a Amurka ko Sin. Yana hannun malaman gona, da marubutan hakimai, da ardo-ardo, da tsofaffin da ake kira shaida idan an zo rabon gado.

Ba mafarki nake sayarwa ba, an gwada makamancin wannan a wurare da dama. Tsakanin 2016 da 2020 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna its4land a Kenya, Ruwanda da Habasha, wanda a cikinsa masana daga jami'ar Münster ta Jamus suka gina manhajar SmartSkeMa. Sun zauna da makiyayan Masai a kudancin Kenya, makiyayan suka zana wuraren kiwo da mashaya da matsugunansu da alamomin da su kansu suka zaɓa, manhajar ta koyi alamomin, ta ɗora zanen a kan taswirar da ke da awo. A Heidelberg kuma wata cibiya mai suna HeiGIT ta fitar da Sketch Map Tool kyauta: a buga taswirar unguwa a takarda, jama'a su shata inda ruwa ke ci da alƙalami mai launi, a ɗauki hoto da waya, na'ura ta tsamo abin da aka shata ta mayar da shi mazauninsa a doron ƙasa. Babbar hujja kuwa tana Ruwanda, wadda daga 2009 cikin 'yan shekaru ta shata filaye sama da miliyan 10. Matasan gari aka horar, aka ba su hotunan sama da aka buga a manyan takardu, suka zagaya da masu gonaki da maƙwabtansu suna zana iyaka da hannu. Daga baya ma'aikata suka zauna gaban kwamfuta suna bin kowane layi ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin bin layi, mai cin lokaci da kuɗi, shi ne yau na'ura za ta iya ɗauke mafi yawansa.

Yadda abin zai kasance a nan ba shi da sarƙaƙiya. A buga hoton tauraron ɗan'adam na gonakin ƙauye ɗaya, a ce a Sambawa ko Mungadi ko Sabiyal, a takarda mai faɗin tabarmar salla. A shimfiɗa ta a ƙofar hakimi bayan an kawar da amfanin damina, a tara masu gonaki, kowa ya nemo kukarsa da lanƙwasar hanyarsa, ya shata iyakarsa maƙwabcinsa yana kallo. A yi ittifaƙi a kan alamomi kaɗan, wannan rijiya, wannan burtali, wannan gonar da ke jingine, wannan wadda ake jayayya a kanta. A ɗauki hoto, manhaja ta karanta, a sake bugawa, a dawo a karanta wa jama'a da babbar murya kafin kowa ya dangwala yatsa. Rabon jami'ar Aliero a ciki shi ne tattara dubban irin waɗannan zane da izinin masu su, ta sa ɗalibai su yi wa kowace alama laƙabi, ta horar da manhaja, ta auna kurakuranta. Jami'ar da aka kafa a 2006 tana tsakiyar gonakin da ake magana a kai, ɗalibanta da yawa 'ya'yan masu gonakin ne, kuma yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahin Gwandu, wanda a cikin littattafansa akwai Ta'alimur Radi, da ya keɓe don bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasa. Da wuya a samu wata cibiya da aikin ya fi dacewa da ita.

Suka ta farko da za a yi mini tana da nauyi, kuma daga Arewa ta fito. Shekaru da dama ma'aikatan rigakafin shan inna sun dogara da taswirar mazaɓu da aka zana da hannu, kuma da aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a Kano da wasu jihohi daga wajejen 2012, sai aka tarar da rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin waɗancan zane ko kaɗan, yaran da ke cikinsu ba a taɓa kai musu ɗigon magani ba. Gyara wannan na cikin abubuwan da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'in cutar na daji a watan Agustan 2020. Mai suka zai ce wannan ya isa hujjar a jefar da biro. Amma a dubi abin da ya faru da kyau. Waɗancan zane an yi su ne a farar takarda daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, babu hoton ƙasa a ƙarƙashinsu, babu mai ƙalubalantarsa. Kuma hoton tauraron, da ya nuna rufin bukkoki, bai faɗi sunan ƙauye ko ɗaya ba, sai da aka tura mutane suka tambayo mazauna wurin. Darasin shi ne hoto yana kama abin da ƙwaƙwalwa ta manta, mutane kuma suna faɗin abin da hoto ba ya gani. Tsarin da na bayyana ya haɗa su biyun a takarda ɗaya.

A harkar gona, abin da hoto ba ya gani ya fi yawa. Tauraron ɗan'adam zai nuna fili ɗaya kore shar, alhali a cikinsa akwai kason 'ya'ya mata biyu da yayansu ke nomawa a madadinsu, da wani yanki da aka jinginar tun shekarar da aka yi rashin lafiya a gidan. Fadama ɗaya, mai ita ya yi shinkafa da damina, ya ba wani haya ya dasa albasa da rani, makiyayi kuma yana da tsohuwar al'adar shigo da shanu cin kara bayan girbi. Burtalin da aka cinye da noma shekara goma da suka wuce ya ɓace daga sama, amma yana nan daram a kan ardo da dattawan gari. Na'urar GPS ma, da wasu ke gani ita ce maganin komai, inda aka tsaya da ita kawai take faɗa. Wanda ya ce a tsaya a nan, shi ne ya shata iyakar.

Wasu kuma za su ce manomi bai iya zanen taswira ba. Wannan raini ne da tarihi bai goyi bayansa ba. A 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya baro Sakkwato da taswirar ƙasashen Sudan da ya samu a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Landan a 1826 da sunan taswirar Bello. Har gobe idan aka tambayi dattijo hanya ko iyaka, kara yake ɗauka ya tsuguna ya zana a ƙasa. Gaskiyar da ke cikin sukar ita ce hannun da ya saba da kara da rairayi ba lallai ya saki jiki da biro ba, kuma mutumin da ke auna duniya daga gabas ba zai sa arewa a saman takarda don kawai littafin makaranta ya ce haka ba. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da manhaja za ta koya, shi ya sa na dage a kan a tara misalan a nan.

Sukar da ta fi damuna daban ce. Aikin irin wannan manhaja shi ne gyara: ta ɗauki layi mai rawa ta miƙar, ta rufe kusurwar da aka bari a buɗe, ta fitar da takarda tsaf mai lambobi. Zanen biro yana nuna shakkarsa a fuskarsa, kowa ya gan shi ya san kimantawa aka yi. Takardar da ta fito daga na'ura kuwa kwarjini gare ta, kuma a gaban mutumin da bai yi karatu ba tana iya rufe baki. Idan mai ƙarfi ya tura layi taku goma cikin gonar marainiya ranar da babu mai tsaya mata, na'ura za ta karanta ƙaryar daidai yadda take karanta gaskiya, ta kuma yi mata ado. Wani lokacin ma babu mugun nufi, manhajar ce za ta haɗa layuka biyu da ba su haɗu ba don ta ga tazararsu kaɗan ce, alhali wannan 'yar tazarar ita ce hanyar da wani ke bi zuwa gonarsa. Saboda haka dole ainihin zanen hannun, da sunayen waɗanda suka halarta da hannuwansu, ya zama shi ne asali, abin da na'ura ta fitar ya zama kwafi mai biye masa, a ajiye su tare. Duk inda manhajar ta cike giɓi da kanta, ta nuna shi da wani launi. Duk inda mutum biyu suka saɓa, a bar layukan biyu a rubuta jayayya, a miƙa wa uban ƙasa ko kotu. A keɓe zama na mata, tunda ba a ƙofar hakimi suka saba faɗin nasu ba. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya riga ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da kwamfuta ta fitar a gaban kotu, kuma ya kamata alƙalai su riƙa tambayar asalin zanen kafin su dubi kwafin. Akwai kuma tsoron da manomi ba zai faɗa a taro ba, cewa rajista share fagen haraji ce ko ƙwace. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon soke mallaka don amfanin jama'a, saboda haka tsoron yana da tushe. Amsarsa ita ce ranar da aka zo yanka hanya ko fili, wanda gonarsa ke rubuce ya fi wanda tasa ke baki kawai ƙarfin neman diyya. Kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta a faɗa wa mutum abin da za a yi da bayanansa tun kafin a karɓa.

Safiyoyi za su ji kamar ana shiga gonarsu, amma filin da za a kai banki ko a gina masana'anta a kai zai ci gaba da buƙatar awonsu, kuma su ne za su tantance ingancin wannan aiki. Masu cewa manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yau suna gane kowane hoto, don haka babu buƙatar wahala, su gwada ba su takardar cinikin gona mai ajami a gefe. Irin waɗannan manhajoji sukan ba da amsa cikin gamsuwa ko sun gane ko ba su gane ba, kuma a maganar iyaka wannan ya fi shiru haɗari.

Kuɗin farawa bai kai na ginin aji biyu ba, kuma asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana da kason bincike da aka tanada don irin wannan. A zaɓi ƙauye ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, ɗaya a fadamar Jega inda ruwa ke share iyaka, ɗaya a gonakin albasar Aliero inda haya da aro suka yi yawa, ɗaya a tudun Maiyama inda burtali ya ratsa. A yi aikin cikin rani guda. Sannan a sa safiyo mai rajista ya auna wasu daga cikin gonakin da kayan aikinsa ba tare da ya ga abin da na'ura ta fitar ba, a kwatanta, a buga sakamakon kowa ya gani: mita nawa aka kauce, alama nawa aka karanta ba daidai ba, jayayya nawa ta taso, nawa aka sasanta, kuma naira nawa kowace gona ta ci. Da waɗannan alƙaluma ne majalisar dokokin jiha za ta iya yanke shawarar ko ƙananan hukumomi su fara bayar da takardar mallaka ta gargajiya bisa wannan tsari.